Agadas zuwa Bilma: kilomita nawa ne a sama, nawa ne a ƙasa?

Ɗan_Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da warhaka. Dan Allah ina neman wanda ya taɓa bin hanyar Agadas zuwa Bilma da kansa ya taimaka min da bayani. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya yake zaune a Bilma, can arewa maso gabashin Nijar, bakanike ne, tun 2014 da aka fara rububin zinaren Jado ya bi abokansa ya tafi gyaran motoci, da aka rufe wurin a 2017 maimakon ya dawo gida sai ya gangaro Bilma ya buɗe gareji har ya yi aure a can, sau biyu kacal ya taka Kano tun daga lokacin. To yanzu iyalinsa ta sauka an samu mace, an sa mata sunan Hajiyarmu, ita kuma Hajiya ciwon ƙafa ya matsa mata ko Damagaram ba za ta iya zuwa ba, shi ne ta ce lallai ni in je in gano mata takwararta in kai kayan barka, wlh kullum sai ta yi min maganar nan har ta fara hawaye.

Na duba a waya, wani wuri an rubuta kilomita 560 tsakanin Agadas da Bilma, wani wuri kuma 600 da ɗoriya, wani ma kusan 700, duk na rikice. Ni a lissafina 560 ai kamar Kano zuwa Maiduguri ne, in ka fita bayan asuba kafin magariba kana can. Da na faɗa wa Yaya haka sai ya ce kar in kuskura in yi wannan lissafin, kafin ya ƙarasa layi ya katse, shi kuma dama ba mai yawan magana ba ne, in ka sake kira sai ya ce kai dai ka zo kawai.

Abin da nake son sani shi ne wanne ne gaskiya a cikin waɗannan lambobin, nawa ne in a jirgi, nawa ne in a mota, kuma ma akwai jirgin da mutum kamata zai sayi tikiti ya hau? Maigidana a kasuwa kwana bakwai ya ba ni, shin za su ishe ni zuwa da dawowa? Allah ya saka da alheri.

MaiLissafi_Samaru ya rubuta:

Wa alaikumus salam Ɗan Fagge, Allah ya raya takwarar Hajiya. Ni ban taɓa zuwa ba amma awon ƙasa shi ne karatuna, bari in warware maka ɓangaren lambobin, masu hanya su yi maka sauran. Duka lambobin da ka gani gaskiya ne, abu daban-daban kowanne yake aunawa.

560 ɗin nan awon sama ne, wato a ɗaura zare a Agadas a ja shi ɗar har Bilma ba kwana ba lanƙwasa. Kai ma za ka iya lissafa shi. Agadas tana kan digiri 17 arewa da digiri 8 gabas, Bilma kuma tana wajen digiri 18.7 arewa da kusan 13 gabas. Kowane digiri ɗaya in za ka yi arewa kilomita 111 ne, in kuma gabas za ka yi a wannan yankin wajen 106 ne, saboda layukan suna matsewa in ana nufar ƙuryar duniya ta arewa. Ka ga kenan Bilma ta fi Agadas arewa da wajen kilomita 190, ta fi ta gabas da wajen 520, in ka haɗa su da lissafin alwatika sai ya ba ka tsakanin 555 da 560. Ƙaramin jirgi mai farfela da ke cin kilomita 400 a awa, awa ɗaya da rabi ya gama da shi.

Sauran lambobin na ƙasa ne, kuma sun bambanta ne domin ba hanya ɗaya ba ce, akwai mai bi ta Fashi ya faɗa Bilma kai tsaye, akwai mai bi ta Dirku sannan ya gangaro. Sannan kar ka manta kai ba daga Agadas za ka fara ba. Kano zuwa Damagaram ta Daura da Kwangwalam da Matamaye wajen 240 ne, Damagaram zuwa Agadas ta Tanut wajen 450, ka ga ka ci kusan 700 tun ba ka fara tafiyar da kake tambaya a kai ba. A sama Kano zuwa Bilma bai kai 900 ba, a ƙasa kuwa ka tanadi wajen 1,400.

Direban_Tenere ya rubuta:

Salamu alaikum. Malam mai lissahi ya yi gaskiya, lissahinshi bai da gyara, amma yarona ka aje wannan 560 ɗin gefe guda ka saurare ni, ni shekara goma sha bakwai ina jan mota bisa wannan hanya, da kamiyo, wato babbar motar kaya, da ƙaramar Toyota duka, sai da idona ya rage gani na bari. Kano zuwa Maiduguri da kake faɗi gudron ne, wato kwalta, ga garuruwa, ga gidan mai, in motarka ta lalace ka tsaida wata. Daga Agadas in ka hita gabas ba gudron ko taku guda har Bilma, sawun taya ne bisa rairai, shi ma in iska ta taso da dare kahin sahe ta shahe shi.

Hanyar da mafi yawan motoci ka bi ita ce ta Dirku, wajen kilomita 650 ne, daga Dirku kuma ka yi kudu wajen 45 ka shiga Bilma, shi ne kusan 700 da ka gani. Mu can ba mu cewa kilomita kaza ya rage, rijiya muke ƙirgawa. In kun bar Agadas za ku fara da duwatsu da ƙoramu na gindin Abzin, mota na ta tsalle tana bugun mutane, har ku kai Turayat wajen kilomita 80, nan akwai rijiya da 'yan rumfunan masu shayi da masu gyaran taya. Daga nan a hankali dutsi shina ƙarewa rairai shina farawa har ku kai wurin da aka cewa Iccen Tenere, Tenere ko sunan hamadar ne. Da can icce ne na gaske, iccen ƙaya guda tak tsaye cikin hili ba wani kusa da shi ko ta ina, a 1973 wani direban babbar mota ya banke shi, anka kwashi gangar jikin anka kai gidan tarihi na Yamai, yanzu na ƙarhe ne anka kafa wurin, akwai rijiya gefenshi. Lokacin da anka gina rijiyar nan an iske saiwar iccen ta nutse fiye da mita talatin tana biɗar ruwa, wannan kaɗai ya ishe ka ka gane irin ƙasar. A nan hanya ka rabuwa, mai zuwa Fashi ya yi gabas sak, mai zuwa Dirku ya karkata arewa maso gabas ya nufi rijiyar Espuwar, daga ita sai Ashegur, daga Ashegur sai ka hango dutsen Kawar, yankin da Dirku da Bilma suke, ya miƙe gabanka kamar bango, to ka iso.

Ta Fashi ta fi kusa bisa takarda, 600 da 'yan kai, Fashi zuwa Bilma ma wajen 160 ne kawai, amma tuddan rairai ne manya, mota mai kaya ba ta so, sai wanda ya san lungunan da ke tsakanin tuddan. Kuskure guda ka hau bayan tudu da gudu ka iske ɗaya gefen ya yanke kamar rami. Shi ya sa direba ya gwammace ya ƙara kilomita hamsin ko fiye ya bi inda ƙasa ta fi tauri kuma inda wasu motoci ka wucewa.

Batun kwana kuma, Hilux mai lahiya da direba nagari kwana biyu ne zuwa Dirku, wani lokaci ukku, kamiyo mai kaya daga kwana huɗu har sati, ni na taɓa yin kwana tara da kamiyo saboda gear ta ƙi, munka zauna ƙarƙashin mota muna auna ruwa da murhin buta har Allah ya kawo wasu. Abin da ka cin lokacin ba nisa ba ne kaɗai, kahewa ce. Za a sace ma taya iska don ta baje bisa rairai, duk da haka mota ta nutse, kowa ya sauka, a tona da shebur da hannu, a sa faranti na ƙarhe ƙarƙashin taya, a tura, ta hita ta yi mita ɗari ta sake nutsewa. Kilomita goma na iya cin maku wuni. Mai kuma mota na shan kusan ninki biyu na abin da take sha bisa gudron, don haka rabin kayan mota durom ne da bido, wato jarka. Da tsakar rana cikin bazara dole a tsaya, inji bai ɗauka, taya bai ɗauka, mutane ma haka.

Sannan ba ranar da ka ga dama kake tashi ba. A zamaninmu ran Litinin ne ayarin motoci ka tashi daga Agadas da rakiyar soji saboda 'yan fashi, in ka iso Talata sai ka zauna ka jira wata Litinin. Ka sa yayanka ya tambayar maka ranar tashi ta yanzu kahin ka baro Kano. Kuma dan girman Allah, duk wanda ya ce maka ga wata mota za ta tahi ita kaɗai ta ɓarauniyar hanya da sauri da araha, kar ka hau. A 2017 cikin tsananin zahi mutum 44 sunka mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku, da mata da jarirai, yawancinsu 'yan Gana da 'yan Najeriya, motarsu ce ta lalace, mutum shida kaɗai sunka tsira. Abin da ya jawo irin wannan, tunda anka yi dokar 2015 ta hana jigilar baƙin haure direbobi sunka koma kauce ma rijiyoyi da shingayen jandarmomi, in mota ta mutu inda ba kowa ka bi to ba mai ganinku. An soke dokar a Nuwamban 2023, amma hamadar tana nan yadda take. Kwana bakwai ba su isarka, ka nemi sati ukku.

Ɗan_Fagge ya rubuta:

Innalillahi. Baba Direba na gode ƙwarai, Allah ya ƙara lafiya, jikina ya yi sanyi wlh, yanzu na gane abin da Yaya yake nufi. Amma Baba ina da wata tambaya, da na sake kallon taswira sai na ga Bilma tana saitin Diffa da Gigimi ne ta arewa, kusan miƙe. To me zai hana mutum ya bi ta Damagaram ya yi gabas zuwa Diffa da Gigimi sannan ya haura arewa, maimakon ya je Agadas ya sake dawowa gabas? A ido dai kamar ta fi kusa.

Direban_Tenere ya rubuta:

A'a yarona, hidda wannan daga ranka. A ido ta fi kusa, Gigimi zuwa Bilma a sama wajen 500 ne, amma ita ce mafi wuyar hanya a duk ƙasar. Ka san iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ita ta jera tuddan rairai dogaye dogaye sun kwanta daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Wanda ya taho daga Agadas shina bin tsawonsu ne, kamar mai tahiya cikin kwarin kunya a gona, shi ko wanda ya taho daga Gigimi ta Agadem dole ya riƙa tsallake su guda bayan guda, kamar mai ƙetare kunya kunya, hawa da gangara ba iyaka. Tubawa masu raƙuma da direbobin da anka haifa can su ka bin ta, ba motar haya da za ka je tasha ka tarar tana lodi. Ga kuma matsalar tsaro ta yankin tafkin Cadi da kai ma ka sani tunda har Barno ta shafa. Ka bi ta Agadas kamar kowa.

Mushen_Kawar ya rubuta:

Barka dai ɗan'uwa. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ɗan Maraɗi, shekara huɗu na yi ina koyarwa a Kawar, bari in amsa maka batun jirgi tunda shi ne ba a taɓa ba. Agadas tana da filin jirgi, sunan Mano Dayak yake ɗauke da shi, wani jagoran Abzinawa da ya rasu a haɗarin jirgi a 1995. A ɓangaren Kawar kuma filin da jirage suke sauka a Dirku yake ba a Bilma ba, Agadas zuwa Dirku a sama wajen 570 ne, to ko da ka samu jirgin sai ka sake neman mota ta kai ka 45 ɗin nan da Baba ya faɗa. Jiragen da na gani suna sauka a shekarun da na yi, na soja ne da na Majalisar Ɗinkin Duniya mai ɗaukar ma'aikatan agaji, shi kuma sai ƙungiyarka ta sa sunanka, a lokacin dai ban ga wurin da za ka je da kuɗinka ka yanki tikiti ba. Sau ɗaya na taɓa shiga jirgi daga can, lokacin da rashin lafiya ta kama ni aka taimaka aka fito da ni, ina kwance ina kallon agogo, awa ɗaya da rabi da 'yan mintoci muka sauka Agadas, hanyar da na yi kwana huɗu a kanta bisa buhunan gero lokacin zuwa. Na yi kuka a ranar, domin na tuna da wata mata maƙwabciyarmu da haihuwa ta zo mata da gardama aka ɗora ta a mota aka nufi Agadas ba ta kai ba. Mutanen Kawar da wannan suke rayuwa kullum. Jihar Agadas ita kaɗai ta fi rabin ƙasar Nijar girma, amma babban asibitin da za a tura ka yana bayan wannan hamadar.

Ka kula da lokacin da za ka je. Daga Afrilu zuwa Yuni kar ka soma, a Bilma ne aka auna zafin da ya haura digiri 48 a watan Yunin 2010. Disamba da Janairu kuma sanyin dare har ƙashi, ga ƙurar da take rufe gari a kasa tafiya. Ƙarshen Oktoba da Nuwamba shi ne daidai, kuma lokacin dabino yana nan a wadace. Da ka bar Agadas kaɗan waya ta mutu, ba sabis sai kun kusa Dirku, direbobi da Thuraya suke magana, wato wayar tauraron ɗan'adam, ka gaya wa Hajiya tun da wuri kar ta ji shiru kwana uku hankalinta ya tashi. Takardunka ma su cika, fasfo da katin rigakafi, ka san Nijar ta fita daga CEDEAO, wato ECOWAS, a Janairun 2025, kuma akwai shingaye da yawa a hanya, za a tambaye ka ina za ka da wurin wa, ka riƙe lambar yayanka da sunan unguwarsa a takarda ba a waya kaɗai ba.

Amma fa kar duk wannan ya sa ka fasa. In ka iso ka ga koren dabino a gindin dutse da idanun ruwa suna ɓuɓɓuga bayan kwana uku ba ka ga ko ciyawa ba, abin ba ya faɗuwa. Barebari da Tubawan wurin mutane ne masu karamci, kuma Hausa tana yi maka aiki a kasuwa. Ka ce yayanka ya kai ka Kalala ka ga ramukan gishiri. Gidajen tsohon gari ma da ƙasa mai gishiri aka gina su tunda ruwan sama ba ya zuwa sai nadiran, shi ya sa da aka yi wani ruwa mai ƙarfi a Agustan 2006 gidaje da yawa suka narke suka zube.

Jikar_Madugu ta rubuta:

Sannunku da hira. Ni 'yar Agadas ce, kakana na wajen uwa mutumin Timiya ne kuma madugun ayarin gishiri ne, da na ga sunanka Ɗan Fagge sai na kasa wucewa, domin Fagge ai zangonmu ne, nan ayarin Abzinawa suke sauke kaya in sun iso Kano tun zamanin da, kantun gishirin da kakanninka suka saya a Kurmi ta wannan hanyar da kake tsoro ya biyo a bayan raƙumi.

Mu da Tamashek taglamt muke ce wa wannan tafiya. Bayan damina wajen Oktoba suke tashi daga Abzin da gero da cuku da busasshen nama, su sayo gishiri da dabino a Fashi da Bilma, gishirin iri biyu, kantu na dabbobi da beza na miya. Raƙumi wajen kilomita 40 yake yi a wuni, ka ga 560 ɗin Malam mai lissafi sati biyu kenan in komai ya tafi daidai, kuma abin mamaki su ne suka fi kowa kusa da bin wannan miƙaƙƙen layin na jirgi, tunda ta Fashi suke bi, raƙumi bai damu da tudun da yake kafe mota ba. Kakana yana ba mu labari in suka shiga Tenere ba a tsayawa daga hantsi har tsakar dare, ko shayi a tafe ake dafawa a miƙa wa kowa, fura da dabino a tafe ake sha, saboda kowace awa da aka ɓata ruwa ne ya ragu. Ciyawar raƙuma ma daga gida ake ɗaurowa dami dami, ana ajiye wasu a hanya saboda dawowa, kuma ba mai taɓa na wani. Shi madugu da rana inuwa yake kallo da yadda iska ta zana rairayi, da dare taurari. An rubuta cewa a 1906 an ga ayari ɗaya mai raƙuma dubu 20, yanzu motoci sun karɓe mafi yawan cinikin amma har gobe akwai masu yi, in ka je a Nuwamba za ka iya cin karo da su a rijiya, ka gaishe su da kyau.

Sai maganar kayan barka, wannan fannina ne. Kar ka cika kaya da taliya da man gyaɗa na roba, irin waɗannan suna shigo musu daga Libiya. Abin da mai jego take marmari a can kayan miyar gida ne, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yajin jego, citta da kanumfari, sai atamfa da kayan jarirai masu kauri saboda sanyi. Komai ka ɗaure a leda biyu sannan a buhu, rairayin Tenere har cikin gwangwani yake shiga. Kuma ka ɗauki muryar Hajiya a waya tana sa wa jaririyar albarka ka kai musu.

Ɗan_Fagge ya rubuta:

Allahu akbar, jama'a ban san da bakin da zan gode muku ba. Na karanta wa Hajiya duka daren jiya, da aka zo wurin ɗaukar murya sai da ta sa na kunna waya a take ta yi addu'a kusan minti goma. Na kuma samu maigidana da maganar, na nuna masa bayanin Baba Direba, ya ce in bari sai farkon Nuwamba zai ba ni sati uku har da gudummawar kuɗin mota, Allah ya biya shi. Yaya ma na same shi, ya ce akwai wani direba da yake kawo masa kayan gyara daga Agadas zai haɗa ni da shi in biyo shi cikin ayari. Baba saura abu ɗaya, ni da kaina me zan riƙe a jikina ranar tashi?

Direban_Tenere ya rubuta:

Madalla, haka ya fi, direban da yayanka ya sani ya fi wanda za ka tsinta a tasha. Ka sayi bido na lita ashirin biyu a Agadas, irin wanda anka naɗe da buhu don ruwa ya yi sanyi, ka rubuta sunanka a jiki, ko direba ya ce akwai ruwa a mota kai dai ka riƙe naka. Rawani dogo da za ka ruhe hanci da baki, tabarau, bargo mai kauri da rigar sanyi, dabino, ƙuli-ƙuli, garin rogo da sukari, da maganin ciwon kai da na gudawa. In kana da hali ka biya kuɗin gaba, in ko baya ne ka zauna tsakiya ka kama sandar da anka kafa da kyau, barci bisa gehen mota shi ka yar da mutane. In an tsaya kar ka yi nisa da mota ko don kama ruwa, musamman da dare ko iska na tashi. Ranar da za ku tashi ka karɓi lambar Thurayar direban ka tura ma yayanka tare da lambar motar da sa'ar da kunka bar Agadas, ka ce mashi in kwana huɗu sunka cika bai gan ku ba ya je ya shaida ma jandarmomin Dirku. Allah shi kai ka lahiya, ka gaida mai sunan Hajiya.